Makunnin Jirgin Kafil

Riyad ba ta da teku, amma kafil ɗin Baba, wato ubangidansa da ya tsaya masa a Saudiyya, yana da jirgin ruwa. A kan tirela yake kwana cikin gonarsa, an lulluɓe shi da tamfol, sai lokacin hutu Baba ya ja shi zuwa gabas, bakin teku. A ƙasan hancin jirgin akwai ƙaramar farfela da ke tura shi gefe idan za a tsaya. Makunnin da ke raba ta da batir ne ya ƙone, aka aiki Baba ya sayo wani.

Ranar Asabar ya ce in sa abayata in raka shi. Na yi mamaki, don ba a zuwa da 'yan mata shagunan kayan wuta.

Mai shagon, wani Bayamane, ya jera mana kwalaye uku. Baba ya ɗauki ɗaya, ya miƙe hannu da shi can nesa, ya ƙanƙance ido. Haka na ga yana yi wa wayarsa a gida tun kafin azumi. Direba ne, iƙamarmu duka, takardar izinin zama, a kan aikinsa take, kuma ba ya so kafil ya ji an ce idonsa ya fara.

"Uwata, gwada mana karatun bokon nan naki," ya ce da Hausa, yana dariya.

Na karanta a hankali. Lambobi biyu ne a kowane kwali: wutar da makunnin ke ɗauka kullum, da wadda yake jurewa na ɗan lokaci. Baba ya ce farfelar fizgar wuta take yi da ƙarfi, ƙaramin zai yi zafi ya narke kamar na da. Ya fito da guntun tsohuwar wayar wutar daga aljihu, mai kaurin babban yatsa, ya gwada bakinta a kusoshin makunnan. Na biyu da na uku suka shiga. Na ukun an rubuta ruwan gishiri ba ya cinsa, kuma jan mariƙinsa yana ciruwa.

"Wannan," in ji Baba, ya ɗauki na ukun. "Jikokin kafil ba sa ganin abu su ƙyale."

A hanyar komawa unguwarmu Utaiƙa muka tsaya sayen burodi. Kusa da teburin biyan kuɗi akwai tabarau na karatu a rataye. Na ciro ɗaya na ajiye a kan burodin, ban ɗago kai ba.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa, ya ɗauko kwalin, ya karanta lambobin da kansa.

"Ashe daidai kika faɗa," ya ce. "Kar dai ki gaya wa Ummanki na tsufa."