Jan Fenti a Bangon Sito

Da na fita takaba ban iya ci gaba da zama a gidan hayarmu na Gwarzo ba. Na kwashi 'ya'yana mata biyu na koma Gude, gidan mahaifinmu, inda yayana yake zaune da iyalinsa tun rasuwar Baba. An karɓe mu hannu biyu, amma gidan a cike yake. Ni da yaran muka raɓa a ɗakin matar yayana, ita kuwa ga goyo. Ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba, sai dai ni na san na takura ta.

A ƙarshen gidan, ta bakin hanyar da ta nufi Kabo, akwai tsohon siton Baba, inda yake tara gyaɗa da taki. Ginin ƙasa ne mai kauri, rufin azara, daga baya aka ɗora masa kwano. Na roƙi yayana ya bar mini shi in mayar ɗakin kwana. Ya amince, ya nemo magini. Aka fasa taga biyu, aka shafe bangon da siminti ciki da waje, aka yi daɓe, aka kewaye mini ɗan madafi da banɗaki ta baya. Babu wanda ya kawo maganar neman izini, don a garinmu in za ka yi gini magini kake nema. Muka tare, na ci gaba da zuwa makarantar firamaren da nake koyarwa a Gwarzo, in tafi da safe in dawo bayan azahar.

Wata rana na sauko daga mota, tun daga nesa na hango jan abu a bangona. Da na matso sai na ga gicciye ne babba da jan fenti, da wasu haruffa a ƙarƙashinsa, fentin har ya zubo yana bin bango. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce wasu mutane ne suka zo a farar mota, da igiyar awo, suka yi rubuce-rubucensu suka tafi ba su yi wa kowa magana ba.

Na zauna a dakalin ƙofa. Na san wannan alamar. Na taɓa ganinta a jikin wasu shaguna a bakin titi a Gwarzo, kuma ina tsaye da kwandon cefane ranar da katafila ta zo musu. Abin da ban manta ba shi ne wani tsohon tela da ya fito rungume da kan kekensa, ya tsaya yana kallo.

Daga ranar na rasa sukuni. Ina cikin aji ina rubutu a allo, in tifa ta wuce a titi sai hannuna ya tsaya. In ce a raina, ko yanzu masu rusau suna can, ko yaran sun dawo sun tarar. Na zuba tufafinmu a buhuna na jera a bakin ƙofa, don in an zo kada a binne mana su. Babbar 'yata ta tambaye ni ko tafiya za mu yi, na ce mata shanya zan yi. Har na ɗebo ruwa da soso zan goge fentin, yayana ya tarar da ni ya karɓe bokitin. Ya ce goge alamar hukuma ƙarin laifi ne, gara mu bi ta hannun manya.

Mai unguwa ya kai mu wurin dagaci. Bayan doguwar gaisuwa da ta'aziyyar maigidana, dagaci ya ce ana shirin gyara hanyar a yi mata magudanar ruwa, shi ya sa ake duba duk ginin da ke bakinta. Kuma sito da aka mayar wurin kwanan mutane, a doka, sai da izini. Ya ce mu je sakatariya a Kabo, sashen filaye, mu ce shi ya turo mu.

A can muka sami wani ma'aikaci mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Na zayyana masa komai, har da abin da bai tambaya ba. Ya ce alamar tana nufin a dakata a zo ofis, ba lalle rusau ba ne. Amma ba zai ce komai ba sai ya je ya gani da idonsa. Na tambaye shi yaushe, ya ce in Allah ya yarda ba da daɗewa ba. Wannan jiran ya fi komai ci mini rai. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane suna ta sharar gona, ni kuwa kunnena yana kan hanya.

Ya zo wata safiya da ba ni da makaranta. Shi da abokan aikinsa suka ja igiya daga tsakiyar hanya zuwa bangona, ina tsaye ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ya naɗe igiyar ya ce ginin bai shiga hanya ba, akwai ma rara. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Ina shirin yi masa godiya sai ya nemi izinin shiga ciki.

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin. Ya sa aka kawo tsani, ya hau, ya ciro makullin motarsa ya soka a jikin azara. Makullin ya shige kamar a tuwo, gari ya zubo a kan gadon yara. Gara ta cinye cikin itacen, fatar waje kawai ta bari. Ya sauko ya bi bangon gabas yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Daga kusurwar sabuwar tagar har ƙasa, bangon yana amsawa kamar ƙwarya. Ya ce ƙasar ta riga ta rabu da simintin, fasa tagar ya raunana bangon, shafen ne ya rufe tsagar.

"Hajiya, a nan yaran suke kwana?"

Na ce a nan ne, jikin bangon.

"To, ba zan ba ki izini ba. Kuma ba ni za ki ji tsoro ba, damina za ki ji tsoro. Ki fitar da su yau."

Bayan tafiyarsa na yi fushi, na yi kuka. Na ce wa yayana sito ya shekara nawa a tsaye tun muna yara, sai yanzu zai faɗi? Kunyar komawa ɗakin matarsa ce take cina. Bai yi musu da ni ba. Ya kira ta, suka fara ɗaukar buhunan da na riga na ɗaure. Ita ce ta ce mini, "Yaya, ɗaki ai ba ya ƙin 'yan'uwa. Taho." Gadon ƙarfen da kabad muka bari a ciki, don babu inda za a sa su.

Damina ta kankama, sito yana nan tsaye. Har na fara cewa a raina mutumin nan ya tsorata ni a banza. Ƙaramar 'yata kuwa ta mayar da wurin ɗakin wasanta, kullum sai na kore ta, da na juya baya ta koma.

Ranar wata Juma'a aka wuni ana ruwa. Bayan la'asar ya tsagaita, muna rumfa muna gyaran zogale, sai muka ji wata ƙara mai nauyi, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinmu, kwano ya yi kururuwa. Na miƙe na duba, babbar tana gefena. Ƙaramar ba ta nan.

Ban san yadda na isa wurin ba. Bangon gabas ya kwanta ciki gaba ɗaya, rufin ya bi shi, ƙafar gadon ɗaya ce kawai ta leƙo daga cikin laka. Na durƙusa ina tonon ƙasa da hannu ina kiran sunanta, muryar da take fita ba tawa ba ce. Maza suka taru da fartanya da shebur, yayana yana cewa a yi a hankali kada a sare ta. Farcena ya karye ban ji ba. Ina cikin haka aka dafa kafaɗata. Maƙwabciyarmu ce, riƙe da hannun yarinyar, bakinta duk man gyaɗa. Tun kafin ruwan ya tsaya tana gidansu, ana tuyar ƙuliƙuli.

Na rungume ta har ta fara kuka tana cewa ina matse ta. Mata biyu suka kama ni suka fitar da ni daga cikin lakar. Kwanaki bayan haka ko cokali ne ya faɗi sai in zabura.

Bayan kaka na koma sakatariya. Ma'aikacin ya riga ya ji labari, ya yi mini barka, bai ce ai na gaya miki ba. Ya haɗa ni da mai zanen gini, aka zana ɗaki biyu na bulo a gurbin siton, dagaci ya sa hannu, yayana ya sa, izini ya fito. Da aka haƙa harsashi ma'aikacin ya zo ya leƙa ramin, ya ce a ƙara zurfi. Magini ya yi ta ƙorafi wai ko bene za a ɗora. Na ce masa ya ƙara, na kuma jawo kujera na zauna a bakin ramin har ya gama.