Yaya Saura Kaɗan

Yayana ya shekara goma sha huɗu yana aiki a wani kamfanin gine-gine. Shida daga ciki ya yi su ne yana shirin jarrabawar sarrafa ayyuka, wadda in mutum ya ci ake ba shi takardar shaidar cewa zai iya jan ragamar babban aiki. A gida Saura Kaɗan muke ce masa, don duk wanda ya tambaye shi ko ya shirya, amsar ke nan.

Kada ku ɗauka malalaci ne. Ina ma! Malalaci ai yana barin mutane su huta. Shi bangon falonsa ya lulluɓe da jadawalin karatu, kowane babi da layinsa da launinsa. In mako ya wuce bai buɗe littafi ba, ba karatun zai rama ba, sai ya sayo sabon kwali ya sake zana jadawalin. Gwajin da yake auna kansa da shi kuwa ɗaya ne tal, tambayoyi ɗari, ya yi ta nanata su har matarsa ta haddace amsoshin tana guga. Da ya ci casa'in da biyar sai ya bugo mini waya wai in taya shi murna. Haushi kamar ya kashe ni.

Bana kamfaninsu ya samu kwangilar gina asibiti, aka ce wanda ya kawo takardar kafin ƙarshen shekara shi za a ɗora a kai. Kujerar da ya daɗe yana mafarki ke nan. Sai ya sayo kwalin da ya fi na baya girma.

Da na je gidan na tsaya na karanta shi tun daga sama har ƙasa. Akwai ranar bita, akwai ranar hutu, har ranar sayen biro.

Na ce, "Yaya, ina ranar jarrabawar?"

Ya ce, "Sai na kammala tantance haɗurra."

"Haɗarin me kuma? Jibi fa za a rufe rajista."

Matarsa ta leƙo daga ƙofar kicin. "Baban yara, faɗa mata gaskiya mana. Sau uku ina cike maka fom ɗin nan, kana cewa in bari tukuna."

Ya zauna a hannun kujera yana murza murfin biro. Can ya ce, "Yanzu kowa a ofis cewa yake na kusa. In na zauna jarrabawar na faɗi, me za a ce?"

Na zo da baƙar magana cike da bakina, na haɗiye ta. Tausayinsa ya kama ni, amma haushin bai tafi ba.

Jibi ta zo ta wuce, bai yi rajistar ba. Aka kawo wani daga waje mai takarda, aka damƙa masa asibitin. Mutumin bai yi mako ba ya gane wanda ya fi kowa sanin aikin a kamfanin. Yanzu ba ya sa hannu a kan komai sai ya tambayi yayana.