Motar Da Ta Mayar Da Babana Boyi

A lokacin ina aikin jinya a wani asibiti a nan Greensboro ta Amurka, ina haya a Glenwood, ba abin da nake so irin a ce wane ya yi arziki. Wannan son a sani ne ya kai ni Summerfield wurin wani tsohon Bature mai dawakai, yana sayar da tsohuwar motar alfarma ƙirar Ingila, baƙa wuluk, sitiyarinta a dama, kujerun fata. Mutumin akwai daɗin baki: wai ba mota zan saya ba, tarihi ne, gadon manyan mutane. Ni kuwa sakarai na hau kai na zauna, na saya. Ban tambaye shi gadon su wa ba.

Da Babana ya zo daga Jos ganin jikoki, na je filin jirgi da ita ina washe baki. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce irinta Baturen haƙar kuza da ya yi wa boyi yake hawa, kullum shi ke wanke ta, bai taɓa shiga ba. Na ɗauka yabo ne. Har na kai wa mugun tsohon nan da ya sayar mini da ita labari, shi kuma ya gayyace mu taron masu irin waɗannan motoci a gonarsa.

Har yau in na tuna ranar nan sai raina ya ɓaci. Suka kewaye Baba suna ta murmushin munafunci. Wata mata ta fito da farar safar hannu da hular direba, wai ya sa ya buɗe wa mai gidan ƙofa a ɗauki hoto, don a raya tarihi. Kafin in buɗe baki, dattijon da ake durƙusa wa a cocin garinmu ya miƙe ƙyam, ya sunkuyar da kai, ya ja ƙofar yana cewa yessa. Ashe jikinsa bai manta ba. Suka tafa masa, marasa kunya, 'yan banza! Ni kuma ina tsaye da makulli a hannu kamar gunki.

Ran Lahadi Baba ya ƙi motar, ya bi bas zuwa coci. Da na matsa masa, ya ce ya sha wahalar karatuna ne don kada wani nasa ya ƙara tsayawa a bakin wannan ƙofa, sai ga ɗan cikinsa ya tsallako da shi teku ya mayar da shi wurin.

Na rabu da motar. Na roƙe su su goge hoton, suka ce su ba su ga laifi ba. Allah ya isa tsakanina da su. 'Yan'uwa, duk ran da aka zuga ka cewa tarihi kake saye, ka fara tambayar tsofaffin gidanku me suka gani a cikin tarihin nan. Baba ya ce ya yafe mini, amma har ya koma gida bai ƙara yarda na buɗe masa ƙofar mota ba.