Inna da Sarauniyar Ƙudus

Inna ba ta kiran sunan Yaya. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana duban bango. Duk abin da za ta faɗa masa ni ake aika, ni auta. Tun ban iya ɗaura zane ba nake wannan aikin, ko sannu ba a taɓa ce mini ba.

A shekarun da kuɗin mai ya ruɗa mutane a gida, ina London ina karatun tarihi. Nan Yaya ya kawo Inna a cire mata yanar ido, a wani asibitin kuɗi da ke unguwar Marylebone. Amma ba idon kaɗai ya kawo shi ba. Babanmu ya rasu Yaya yana da shekara goma sha uku, ya bar siton fatu a Kano da mutanen da ke aiki a ciki. Inna ce ta riƙe shi daga cikin gida. Ba ta taɓa taka ƙofar siton ba, amma ko fatar akuya ɗaya ba ta fita sai da saninta. Yanzu Yaya ya haura talatin, da matarsa da 'ya'yansa, yana kallon sa'o'insa suna shigo da siminti da babura, shi kuwa ko fenti zai yi wa ƙofa sai an tambayi Inna. Ya tura kawu ya roƙa masa ta sakar masa siton, ya tura liman, ya rubuta wasiƙa na karanta mata. Amsa ɗaya ce kullum: a ce masa na ji.

Ranar da aka yi aikin, muna tsaye muna jiran jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ce mini, "Auta, in ta ƙi a wannan karon, na yi deciding. Legas zan koma da iyalina." Na san Yaya, ba ya faɗin abu sau biyu. Gabana ya faɗi, don na san in ya tafi Inna ba za ta ce a kira shi ba, sai dai abin ya ci ta a ciki.

Likita ya naɗe mata idanun duka biyu, ya ce kada ta sunkuya, kada ta juya kai da ƙarfi, sallah ma a kwance. Kullum bayan azahar muke zuwa. Ni ina bakin gado da littattafaina, Yaya yana kujerar bakin ƙofa ya ɓuya a bayan jarida. Macen da ta saba juya mutum ashirin, an ce ta kwanta shiru, ai dole ta nemi abin yi. Rana ta biyu ta ce, "Wai mene ne kike ta kwaramniya da shi?"

Na ce an ba mu rubutu ne a kan wata sarauniya, ta zamanin da Nasaran Turai suka ci Ƙudus suka kafa mulki a can. Inna ta ja tsaki, ta yi wa mutanen addu'ar da ba zan maimaita ba. Sai kuma ta ce, "To ba ni labarinta, tunda ba ni da wurin zuwa."

Na fara juya mata shi da Hausa. Uban sarauniyar 'ya'ya mata huɗu ya haifa, ita ce babba, ita ya bar wa gado. Aka aura mata wani dattijon basarake daga Faransa, ya so ya ture ta gefe, ta nuna masa ba haka ake yi ba. Nan Inna ta yi dariyar da sai da na tuna mata ɗinkin ido. Wata rana mijin ya fita farauta, ya bi zomo a guje, doki ya kayar da shi, ya mutu. Ya bar ta da yara maza biyu.

"Babban shekararsa nawa?"

"Sha uku," na ce. Sai da maganar ta fita na ji nauyinta. Jaridar Yaya ta daina motsi.

"Allah sarki," in ji Inna. "Kafira ce, amma ta sha wuya."

Washegari tun ban aje jaka ba ta ce in ci gaba. Na gaya mata yadda uwar ta riƙe ƙasar, tana naɗa hakimai, tana yanke shari'a, har yaron ya girma ya wuce ashirin ba ta da niyyar sauka. Ya nemi a naɗa shi shi kaɗai, ta ƙi. Manyan gari suka raba musu ƙasar biyu. Bai ƙoshi ba, ya tara mayaƙa ya kewaye hasumiyar da uwarsa ta fake a ciki, suna jifan bangon da majajjawa.

"Ɗan banza," in ji Inna.

Yaya ya sauke jarida. "Auta, gaya wa Inna yaron nan ya yi haƙuri. Shekara da shekaru ana yi masa delay, mutane suna yi masa dariya a gari."

"Gaya wa yayanki, lokacin da take hana idonta barci a kan ƙasar, shi ko wandonsa bai iya ɗaurewa ba."

"Gaya mata ai ba wanda ya ce ba ta yi ƙoƙari ba."

"Gaya masa ƙoƙari ba a gode masa da majajjawa."

Haka suka sa ni a tsakiya kamar faifai, a ɗakin da bai fi taku huɗu ba, a kan matar da ta mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Raina ya ɓaci. Na rufe littafi da ƙarfi na ce ni na gaji, ga ku ga juna, ni ina da rubutun da zan miƙa ranar Litinin. Ban taɓa yi wa Inna magana haka ba, na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Tambaya ɗaya. Kafin ya kawo mayaƙan, ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya zauna gabanta ya ce ta ba shi?"

Na ce littafin bai faɗa ba, manyan gari kawai ya nuna suna kai da komo.

Sannan a hankali ta juya naɗaɗɗiyar fuskarta wajen ƙofa, ta kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, cikakke. Tsigar jikina ta tashi. Shi kuwa waigawa ya yi, kamar akwai wani mai sunan a bayansa.

"Kai nake kira. Ba na ganinka, don haka yau babu kunyar da zan ji. Matso."

Ya zo ya durƙusa a bakin gadon, da kwat ɗinsa da komai.

"Ka turo kawunka, ka turo liman, ka turo takarda. Cikinsu wanne na haifa?"

"Inna," ya ce, "ban san ana zuwa ba. Na ɗauka rashin kunya ne."

"Ni ma na ɗauka rashin kunya ne in kira ka. To faɗa da bakinka."

Ya faɗa, yana in'ina kamar ɗan makaranta. Ta ce ya ɗauki siton, tun ranar sunan 'yarsa ta fari ta so ta sakar masa, amma ba za ta miƙa wahalar ubansa ga takarda ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa: tsofaffin da ke shanya fatu, kada ya sallami ko ɗaya, ko da siminti zai koma sayarwa. Ta miƙa hannu tana lalube har ta sami kansa, ta ture hular.

"Ashe sanƙo ka yi irin na ubanka," ta ce. "Tun yaushe?"

Na fita waje na bar su, don kuka ya zo mini kuma ba na so ta ji.

Daga baya na ƙarasa mata labarin: sarauniyar ta sauka, aka bar mata birnin Nabulus, ɗan kuma ya dawo yana neman shawararta har ta tsufa. Inna ta ce da sauƙi. Malamina da ya duba rubutun ya ce na cika goyon bayan uwar, ban yi masa musu ba.

Ranar da aka kwance mata ido ta dubi taga, ta dube ni, ta ce na rame. Sannan ta mai da fuska bango ta ce, "Auta, gaya wa yayanki ya nemo mana mota." Haka aka koma har ƙarshen ranta, shekara ashirin da wani abu. Yaya bai je Legas ba, bai kuma sallami kowa ba. Bayan an kai ta makwanci muna zaune a zaure, ya ce mini sau ɗayan nan ne ya taɓa jin sunansa a bakinta, kuma da ta ce za ta sake kira in ya mayar mata da siton, da a ranar zai mayar.