Gulbin da Na Busar

Duk wanda ya karanta littafina sai ya tambaye ni ko na taɓa zuwa Gaya. Nakan yi murmushi in kawo wata magana, don a lokacin ban taɓa zuwa ba. A Damagaram aka haife ni. Gayar da na sani ta bakin mahaifiyata ce, wadda aure ya ɗauko daga can: ƙamshin bandar kifi, manyan motoci a jere suna jiran duwan, wato kwastan na kan iyaka, kwale-kwale yana lilo a kan ruwa, tana ba ni labari har barci ya kwashe ni. Bayan rasuwarta na zuba duk wannan a takarda, ita ma na sa ta ciki da wani suna.

A babin ƙarshe, lokacin ɗari, matar ta tuɓe takalmi ta taka yashin gulbi har Malanbil, garin da ke wancan ƙetaren. A wajenmu ai damina na wucewa rafi ya bushe, sai na zaci ko'ina haka ne.

Inna, ƙanwar mahaifiyata da ke Gaya, ta sa aka karanta mata littafin, ta aiko in zo. Na tafi cikin ɗari, ina tsoron a ce na yi wa garin uwata ƙarya.

Ko ruwa ban gama sha ba Inna ta ja ni bakin gulbi. Ga shi cike maƙil, baƙi, yana tafiya a hankali kamar mai gyangyaɗi, alhali an yi wata uku ba a ga hadari ba.

"Ɗiyata, kin busar muna da gulbi," in ji ta tana dariya. "Wanga ruwa daga nesa yake tasowa, sai ɗari yake iso mu. Masunta sun sha dariyarki har sun ƙoshi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na ce idan za a sake bugawa zan gyara.

Ta juya tana kallon wancan ƙetaren.

"Yayata tsoron ruwa gare ta. Ko gada ba ta yarda ta hau ba. Kullum nan take tsayawa tana hangen rumfunan Malanbil, har aka tafi da ita." Ta share ido da bakin mayafi. "Kar ki gyara komi. Bar ta ta ƙetare."