Wardin Cikin Bokitin Fenti

Baba Mai Fure ba mutum ne mai yawan magana ba. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana rainon furanni a wani ɗan fili da ke bakin titi, tsakanin rumfar mai faci da katangar wata makaranta. Kafin nan ya yi aikin lambu a wani otal har bayansa ya ranƙwafa. Kayan aikinsa ba su wuce durom biyu na ruwa ba, da almakashi mai ɗaurin waya a mariƙi, da layin baƙaƙen ledoji cike da ƙasa da taki. Idan mai saye ya tambaye shi ko shukar nan tana son rana, sai ya ɗauke ta ya ajiye inda ya kamata ta zauna, amsar ke nan. Matarsa takan ce da furanni na tsegumi, da a bakinsu za ta riƙa jin labarin mijinta.

Wata safiya ƙanwarsa, autar gidansu, ta sauko daga mota rungume da tsohon bokitin fenti. Wata uku ke nan da rasuwar mijinta, direban babbar mota. A cikin bokitin akwai wardin da marigayin ya shuka da hannunsa. Rabin ganyen ya zube, sauran ya yi rawaya.

Ta rantse masa ba ta taɓa fashin ba shi ruwa ba, safe da yamma, ko ranar da ita kanta ba ta iya cin komai ba. Baba ya kifa bokitin, ƙasar ta zubo caɓal tana tsami. Hudar ƙasan bokitin ta toshe tuntuni. Saiwar ta yi baƙi, yana taɓawa tana marmashewa kamar ruɓaɓɓiyar igiya. Ya tambaye ta sau nawa maigidan yake ba shi ruwa. Ta yi tunani, ta ce sai in ya dawo daga tafiya, wani lokaci kwana biyar, wani lokaci mako.

"To kin gani, Auta. Shi ya raya shi da yawonsa, ke kin kashe shi da zama."

Maganar na fita ya san ya yi ɓarna. Ta juya fuska wajen titi.

"Yaya, duk kayansa an kwashe," in ji ta. "Wannan kaɗai ne ba wanda ya ce yana so."

Ya ce ta bar shi a nan ta tafi gida, kada ta zo sai ya neme ta.

Uwar shukar ta riga ta mutu, ya san haka. Ya bi rassan da farce yana kankara, har ya sami uku da ke da ɗan kore a ciki. Ya yanke su a karkace, tsawon tafin hannu, ya tsige ganyen, ya soke kowanne cikin leda mai yashi, ya kai su inuwar bayan durom, ya kifa musu yankakkiyar gorar ruwa. Na farko ya bushe cikin mako guda. Na biyu ya yi baƙi daga ƙasa. Na uku ya tsaya kawai, bai mutu ba, bai kuma nuna alamar komai ba.

Ranar da matarsa ta kawo masa abincin rana ta tarar da shi tsugune gaban tsinken, sai ta nuna masa layin wardinsa, sun fi ashirin, ja kamar na marigayin. Ta ce ya ɗauki ɗaya ya dasa cikin bokitin, yarinyar nan ba za ta taɓa ganewa ba, hankalinta ya kwanta. Ta ƙara da cewa ko ita da ta haifa masa 'ya'ya bakwai bai taɓa yi mata irin wannan jinyar ba. Ya ce ai ita ba ta taɓa ruɓewa ba.

Amma maganar ta shige shi. Washegari ya wanke bokitin, ya huda ƙasansa da ƙusa wuri biyar, ya zuba tsakuwa, ya zaɓi wardi mafi kama ya dasa. Har ya ɗaure a bayan keke. Ya tsaya riƙe da keken, mai faci na tambayarsa ko iska ce ta sauka. Abin da ya tsaya masa shi ne Auta za ta riƙa fitowa kowace safiya tana kallon baƙon itace tana tuna mijinta, shi kuma ya zo ya zauna a tsakar gidan nan yana kallonta. Ya kwance igiyar, ya mayar da wardin layinsa.

Sai a mako na shida wani ɗan jan toho ya tsago a jikin reshen. Bai gaya wa kowa ba. Ya jira ganye huɗu suka buɗe, ya ɗan ja reshen ya ji ya riƙe ƙasa, sannan ya dasa shi cikin bokitin ya hau keke.

Auta ta dubi abin da ya kawo, tsinke guda a tsakiyar faffaɗan bokiti. Ya faɗa mata gaskiya, babban ya mutu, wannan reshensa ne, cikin uku shi kaɗai ya tsira, kuma kada ta sa ran fure bana. Ta tsuguna ta taɓa ganyen da bayan yatsa. Can ta miƙe ta nufi buta.

"Ajiye," in ji shi. Ya kama yatsanta ya cusa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. "Me kika ji?"

"Da danshi."

"To ba ya so. Sai kin ji ta bushe."

"In na kasa haƙuri fa, Yaya?"

"Ki zo wurina, ina da ledoji ɗari uku masu jiran ruwa. Bayana ya gaji."

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da gefen mayafi. Kwana biyu bayan haka mai faci ya ga wata mata tana bin layin ledojin da bokiti, tana cusa yatsa cikin kowace ɗaya kafin ta zuba.