Kwana Tara Kafin Hamsin da Biyar

Detlef Harms ya shekara ashirin yana zanen injinan jiragen ruwa a birnin Kiel, kuma ba a taɓa jin ya roƙi kowa komai ba. Ranar da ya yi faɗa da shugabansa ya ajiye aiki, ya buɗe ofishin kansa, ya fita daga inshorar lafiya ta gwamnati ya koma ta 'yan kasuwa, wai shi ya fi ƙarfin bin layin likita.

Shekara huɗu ta sauke masa kai. Aiki ya ɗauke, kuɗin inshorar na ta hawa, zuciya kuma ta fara yi masa gardama a kan matakala. Ga doka: wanda ya cika shekara hamsin da biyar, ƙofar komawa inshorar gwamnati ta rufe masa. Mafita ɗaya ce, wani ya ɗauke shi aikin albashi kafin ranar da zai cika shekarun, don mai albashi ne ake mayarwa ta gwamnati. Saura kwana tara.

Ya buga waya wuri goma sha ɗaya, kowa sai ya ce a dakata zuwa sabon wata. Tsoro ya kama shi na gaske. Mutum ɗaya ta rage, ƙanwarsa Wiebke mai gidan burodi, wadda ya taɓa kira "mai kwaɓa gari" a gaban dangi. Tun ranar ba su sake magana ba.

Ya same ta tana jera burodi. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"A'a, Yaya injiniya! Ɓatan hanya ka yi?"

"Wiebke, aiki nake nema."

"Wajen mai kwaɓa gari?"

Ya ji zuciyar na buga masa har cikin kunne. Ya dafa kantar shagon, ya ce, "Don Allah."

"Ni ba na ɗaukar mutum aiki a takarda kawai. Buhu za ka ja, tire za ka wanke."

"Na yarda."

Sai ta jawo aljihun tebur ta fito da takardar ɗaukar aiki. Sunansa na jiki, an buga tun makonni uku da suka wuce, garin fulawa har ya ɓata gefenta.

"Ta yaya kika..."

"Ka ɗauka na manta ranar haihuwarka ne? Kullum sai na leƙa ƙofar nan, ina tsoron girman kai zai riga zuciyar kashe ka." Ta miƙo masa biro. "Sa hannu, wawa kawai."